Fumfuna a Cikin Gilashi

Duk wadda ta shigo shagona ta ce, "Anti Saude, koyo na zo yi," wayar hannunta nake fara kalla kafin fuskarta. Na san abin da ta gani a ciki. Wata ce da farar riga tana ɗiga fenti a kan gilashi, kiɗa na tashi, kafin minti uku fure ya fito. Ba a nuna muku inda aka wanke gilashin ba, ba a nuna kwanakin da ya yi yana bushewa ba, balle guda huɗun da suka lalace kafin na biyar ya yi kyau. Sai ku taho Sabon Garin Zariya kuna tambayata ko sati biyu ya isa. Ni kuwa sai in miƙa tsumma da gilashi in ce a wanke. Mafi yawa ba sa dawowa washegari. Ku da kuka dawo, ku sa wayoyin nan a jaka, ku zauna ku ji yadda sana'ar take tun kafin ku ɓata mini kaya.

Da lalle na fara, a gidanmu a Jushi. Akwai abokin babana, Malam Garba, mai rubuta allunan shaguna a Unguwar Gabas. Ya ga zanen da na yi wa 'yarsa ranar bikinta, ya je ya sami babana ya ce ana ɓarnar hannun yarinyar nan a kan abin da zai goge cikin sati biyu. Mutanen unguwa sun yi surutu, wai mace a shagon fenti. Babana bai kula su ba.

Wata uku ban taɓa buroshi ba, wanke gilashi kawai nake yi. A wanke da sabulu, a ɗauraye, a goge da sifirit, a ƙarasa da tsohuwar jarida. In na ce na gama, Malam Garba zai ɗaga gilashin ya hura masa numfashi. In tururin ya nuna shatin yatsa ko ɗaya, sai ya mayar mini da shi. Fenti ba ya kama maiƙo, kuma yatsan mutum duk tsabtarsa akwai maiƙo a jiki. A nan na koyi ɗaukar gilashi ta gefe, a nan kuma na samu yawancin tabon da kuke gani a hannuna.

Aikina na farko dawisu ne, wani tela ya ce a yi masa don ƙofar shagonsa. Na zauna na shafa shuɗi a gilashin kaf, ya bushe, na zana dawisu a kai, gashinsa ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu cur. Malam Garba yana ganina ya ƙyale ni. Da na gama ya ce, "To juya mu gani." Na juya, babu komai sai shuɗi. Fentin bayan gilashi a baibai ake yinsa. Abin da mai zane a takarda zai yi a ƙarshe, da shi ake farawa: ɗigon ido tukuna, sannan idon, sannan gashin, shuɗin sama shi ne na ƙarshe. In ka yi kuskure ba a rufe shi da wani fenti, yana nan a gaba yana kallon kowa. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya miƙo mini reza ya ce in kankare. Na kankare ina kuka don haushi.

Abin da ya fito da ni a sana'ar nan layi ne. Kafin a zuba kala a gilashi sai an ja layi mai tudu wanda zai tare ta, kamar yadda kunya ke tare ruwa a gona. Na kanti a ɗan bututu yake zuwa, ba kullum ake samunsa ba, in an samu ma rabinsa ya daskare. Wata rana na ce a raina, ai wannan ba shi da bambanci da lalle. Na nannaɗe leda kamar yadda muke yi wa amare, na shiga gwaji. Na haɗa gam da garin alli, ya tsattsage. Na sa toka, ta yi gari. Na sa yashi mai laushi, ya toshe bakin ledar. Sai da na kusan shekara kafin na dace da haɗin da ke fita sumul, ya bushe da ƙarfi, bai ɓare ba. Farin gam ne da baƙin fenti da abu na uku. Abu na ukun kada ma ku tambaya.

Da wannan haɗin na fara yi wa kafintoci gilashin ƙofar kabad na amare, zanen lalle a kan gilashi, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Sai wani kafinta mai zaƙin baki ya zo ya ce in ara masa ƙofa ɗaya, awo kawai zai yi ya dawo da ita. Ya dawo da ita kuwa, har da godiya. Bayan wata guda na shiga kasuwa na ga zanena a rumfa uku. Akwai wani ganye da hannuna ya goce a kansa na mayar da shi toho don in rufe kuskuren. Har tohon suka kwafa. Tun daga ranar na daina yarda da kowa. In na sayi fenti sai in ɓare takardar jikin gwangwanin. Gam a wannan shago, sifirit a wancan, abu na uku kuma sai na hau mota zuwa wata unguwa. Na sa aka raba shagon nan biyu, ɗakin ciki ya zama nawa ni kaɗai, taga a rufe, ƙofa da kwaɗo.

Gilashi kuwa wuri ɗaya nake saye, wurin Oga Ikenna, don shi kaɗai ne in ka ce masa awo kaza ba ya ƙara ko rage ƙwayar gero. An haife shi a Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai har gobe "ka" yake ce mini kamar namiji. Shagonsa ba wurin yankan gilashi ba ne kawai. Kafintoci, masu tagar alminiyam, masu firam ɗin hoto, 'yan kwangila daga garuruwa, kowa a nan yake tsayawa jiran a yanka masa, musamman ranar Asabar da safe. Wanda ke neman mai aiki a nan yake tambaya. Wanda aka yaba a nan ya samu aiki, wanda aka kushe kuma ya shiga uku.

Oga Ikenna ne ya turo mini Rahila. 'Yar Samaru ce, babanta lebura ne a gonar jami'a, ita kuma ta karanta zane a can ta gama, ba aiki. Ta shigo da jakar zanenta ta ce, "Yaya, an ce kina neman hannu." Na dube ta sama da ƙasa na ce a raina, an turo mai digiri ta kwashe abin da na sha wuya a kansa. Na ba ta tsumma. Ta wanke gilashi sati uku ba ta yi ƙorafi ba. Ranar da na bar ta ta taɓa kala na gane akwai abin da ban sani ba. Ni ja ja ne a wurina, kore kore. Ita sai ta ɗiga ruwan ɗorawa a cikin shuɗi tun bai bushe ba, ta karkata gilashin, kalolin su bi juna su ba da abin da ba ni da sunansa. Ita ta koya mini yayyafa gishiri a ɗanyen fenti ya fito da ƙananan taurari. Ita ta fara manna duwatsun tsakiya da fasasshen madubi a jikin aiki. Shekara shida muna tare, ni layi, ita kala. Kwano ɗaya muke ci. Ranar Lahadi tana coci ina shago, ranar Juma'a in tafi gida da wuri ta rufe. Na ba ta makullin waje. Na ɗakin ciki ma daga baya na ba ta, amma haɗin layina ban taɓa yinsa a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Aikin da ya zama sanadi tagar bene ce a Hanwa, gilashi takwas dogaye, gidan wata Hajiya Kulu. Ta ce ba ta son irin na kowa, tana son abin da baƙi za su tsaya a matakala suna tambayar wa ya yi. Muka zauna ni da Rahila muka fito da sabon salo. Gilashi biyu za mu haɗa. A bayan na gaba mu yi layi da kala, a kan na baya mu manna jar fata da aka yanka siffa-siffa, da rinanniyar kaba, da ƙyallen leshi, da tsakiya, sannan mu kifa ɗaya a kan ɗaya mu toshe gefen da silikon yadda ko ƙura ba za ta shiga ba. In rana ta bugo, hasken ya ratso kala, fatar da kabar su ba da inuwa. Na san babu wanda ya taɓa yin haka a Zariya, kuma na san in wani ya gani kafin a kafa, an gama da mu.

Fata ba ta kwanciya a gilashi sai an jiƙa ta an miƙar. Na jiƙa, na manna da gam, na ɗora nauyi. Lokacin tsakiyar marka ne, ruwa safe da yamma, ko wanki ba ya bushewa. Na jera su takwas a ɗakin ciki na lulluɓe da zani.

Kwana biyar bayan haka Rahila ta ɗaga zanin ta taɓa ta ce, "Yaya Saude, fatar nan da sauran danshi. Mu fitar da su baranda su sha iska, ko kwana huɗu ne."

Na ce, "Baranda? Inda kowane mai wucewa zai tsaya ya ɗauka a waya?"

"To a buɗe taga mana, a cire zanin."

"Tagar da ke kallon shagon mai firam? Ke dai ba ki san mutane ba."

Ta ce, "Gam ɗin da ke cikin haɗinki, irin mai ruwa ne? Don in shi ne, shi ma bai gama bushewa ba, in muka rufe—"

Na katse ta. "Me ya kawo maganar haɗina?"

"Ba komai, Yaya. Tambaya ce."

Shekara shida ba ta tambaya ba sai yau. Na riƙe wannan a raina. Na sa bayan hannu na taɓa fatar, na ji ta bushe, na ce a rufe. Ita ta ja silikon ɗin, don hannunta ya fi nawa daidai a wannan. Aka kai Hanwa aka kafa. Ranar da rana ta fara ratsa su, Hajiya Kulu ta tsaya a matakala tana ta salati, ni kuwa kaina ya yi girma har ban san lokacin da na iso gida ba.

Bayan sati uku Hajiyar ta kira ni. Ban manta muryarta ba. "Saude, tagar bene na ce ki yi mini ko gonar naman kaza?" Na hau a daidaita na tafi. Duka takwas ɗin sun yi gumi daga ciki, ruwa na gangarowa. Fatar ta yi fari-fari da fumfuna, leshin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, kalar Rahila ta fara tashi kamar ɓawon albasa. Ba yadda za a goge, don abin a tsakanin gilashi yake. Hajiya ta ce in kwashe tarkacena, amma ta ba ni dama in sake in ina ganin zan iya.

A hanyar dawowa na fara haɗa lissafin zuci. Wa ya rufe gefen? Rahila. Wa ke da makullin ɗakin ciki? Rahila. Wa ta tambayi haɗina? Sannan na tuna wani mutum da ya zo daga Abuja kwanakin baya, mai sayar da zane-zane, suka daɗe suna Turanci ita da shi, har ta ba shi lambarta. Kafin in sauka na gama yanke hukunci: ruwa ta zuba kafin ta toshe, don sunana ya ɓaci ta ɗauki salon ta kai wa na Abuja. Ban tambaye ta ba. A ganina wanda ya yi ba zai ce ya yi ba.

Ranar Asabar na je wurin Oga Ikenna sayen sabon gilashi. Shago cike, har waje ana tsaye. Ya dubi takardar awon ya ce, "Madam, ba wannan na yanka maka wancan watan ba? Ya fashe ne?" Da na ce masa eh, da shi ke nan. Sai na buɗe baki. Na ce bai fashe ba, ɓata mini aka yi, kuma wadda ya turo mini ce. Na kira sunanta. Na ce duk mai son aikinsa ya yi hattara da ita. Oga Ikenna ya ajiye abin yankansa ya ce, "Ka gani da idonka?" Na ce ba sai na gani ba.

Kafin azahar maganar ta kai wa Rahila. Ta shigo shago ta tsaya a inda kuke zaune ɗin nan. "Yaya Saude, an ce kin ce na zuba ruwa a aikinmu."

Na ce, "Ke kika san abin da kika yi."

Ta ciro makullai biyu ta ajiye a tebur, ta ɗauki buroshinta guda uku da ta zo da su tun farko, ta fita. Ko a jikina. Na ma ji daɗi, na ce na kama ɓarauniya tun ba ta gama da ni ba.

Na sake aikin ni kaɗai. Na canza kwaɗo. Ko ƙanwata da ke kawo mini abinci a bakin ƙofa take tsayawa. Na jiƙa fata, na manna, na lulluɓe, na taɓa da bayan hannu, na rufe da silikon da kaina. Wannan karon na ce sai na ajiye su kwana ashirin kafin in kai. Da suka cika na fito da guda ɗaya bayan shago, inda ba mai gani, na jingina a rana. Ban gama shan ruwa ba gilashin ya fara gumi daga ciki. Na matsa kusa, ga fari-farin nan a gefen fatar.

Wallahi sai da na nemi wanda zan zarga. Na ce ko gilashin Ikenna ne, ko majema sun ba ni ruɓaɓɓiyar fata, har na kai ga tunanin ko an yi mini asiri. Na sa reza na yanke silikon ɗin na raba gilasan. Wari ya bugo ni kamar na takalmin da ya kwana a ruwa. Saman fatar a bushe, ƙasanta da ke manne da gilashi sharkaf. Na yanki guntu na jefa a busasshiyar kwalba na rufe na sa a rana, kwalbar ma ta yi gumi. Ba wanda ya zuba ruwa. Ni na rufe shi a ciki, sau biyu, don kada a ga aikina.

Hajiya Kulu ta sa gilashi mai duhu irin na kowa. Shekarar nan aiki ya yi mini wuya, don wanda ya saba da kalar Rahila da ya ga tawa yake ganewa. Daga nan na koyi abin da zan koya muku in kun daɗe: ba a rufe aiki da damina, fata sai ta yi sati biyu a iska, kuma ana barin ɗan rami a ƙasan firam don aikin ya yi numfashi. Kusan duk wannan Rahila ta faɗa mini a magana uku.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa Samaru, kunya ce ta hana ni. Na same ta a gidan mamarta bayan kasuwa, tana duba littattafan yara. Ta gwada yin aikin gilashi ita kaɗai, ba kafintan da ya ba ta ko ƙofa ɗaya, sai ta kama koyar da zane a wata firamare. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni yadda ta saba. Na faɗa mata komai, har kwalbar. Na ce ta yafe mini, ta dawo, zan nuna mata haɗin layin da hannuna.

Ta ce, "Yaya Saude, ni ban taɓa son haɗinki ba. Mutumin Abujan ma aikinmu ya ce zai saya, mu biyu. Ina jira a kafa tagar ne in gaya miki."

Na sake roƙonta ta yafe mini.

Ta ce, "Na yafe. Amma ba a ɗakin nan kika faɗa ba."

Na gane: inda na ɓata mata suna, a can zan wanke shi. Ranar Asabar na ɗauki gilashin nan mai fumfuna, ban lulluɓe shi ba, na ratsa titi da shi har shagon Oga Ikenna. Na jingina shi a teburinsa na ɗaga murya na ce ni Saude ƙarya na yi wa Rahila, ga shaida, ni na ɓata aikina da kaina. Mutum huɗu ne a shagon, ba wanda na sani a cikinsu. Suka dube ni suka dubi gilashin, ɗaya ya tambayi Ikenna ko an gama yanka nasa.

Oga Ikenna ya ce, "Madam, ka yi ƙoƙari. Amma mutanen ranar nan ba su ne na yau ba."

Muna haka wani mai tagar alminiyam ya shigo da takardar awo a hannu, ya tsinci ƙarshen maganar. Ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai san ni ba. Ya ce, "Wace Rahilar? Ba ita ce ta zuba wa uwar ɗakinta ruwa a aiki ba? Hajiya, in ita za ki ɗauka, ki yi hattara."

Na tambaye shi a ina ya ji. Ya ce a Funtuwa.